Tsagar Kunnen Hamra

Hillar Mahadi, gabas da Haj Abdalla
4 ga Rajab

Zuwa ga maigidana Musbahu, shagon Usta Attahiru, Damazin.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya. Baba lafiya lau, sai gwiwar nan tasa da ba ta son sanyin safiya. Inna Dije ta warke daga tarin. Ni ma lafiya, in ban da kewa, wadda ba a sayar da maganinta a kasuwar Haj Abdalla.

Yau kwana ashirin shabaka, wato sabis, ta ɗauke, waya ta zama madubi. Osman direba ya ce zai riƙa ɗaukar takardu cikin buhunan albasa, shi ya sa na yago tsakiyar littafin rubutuna. Kada ka yi dariya, amma na ji daɗi kaɗan. A littattafan da nake karantawa kullum sai an aika wasiƙa, ni kuwa shekara biyu da aure ba wanda ya taɓa rubuto mini ko layi ɗaya. Littattafan nan bakwai da Goggo ta kawo mini daga Kano na sake zagaye su, na uku har ya rabu biyu.

Ruwa ya ja baya a tur'a, magudanar ban ruwa, alkamar hawasha, gonarmu, ta fara yin rawaya tun ba ta yi kai ba. Masu bindiga sun shiga ƙauyukan da ke yamma da mu, amma nan ba su zo ba. Baba ya ce in rubuta maka da manyan baƙaƙe: KADA KA ZO. A kowane irtikaz, shingen masu bindiga na hanya, ana sauke samari daga mota, wasu ba a sake jin labarinsu. Ya ce wata huɗu ka yi kana koyon sana'a, ka cika shekararka, gida yana nan inda ka bar shi.

Ka rubuto mini mai tsawo. Ko ƙarya ce ka ce ka yi mafarkina.

Matarka,
Raliya

*

Damazin
13 ga Rajab

Raliya,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah da jin lafiyarku. Ki gaida Baba da Inna, ki ce ma Baba na ji, ba ni zuwa. Ni lafiya ƙalau. Mafarki kuwa ban yi ba, in na kwanta kamar an jefa dutse rijiya. Hausarki ta littafi sai da na karanta sau biyu.

Ga labari. Wata huɗun nan Usta, malamina, bai bar ni na zana komi ba sai layi. Layi miƙaƙƙe, layi lanƙwasasshe, a kan guntayen tagulla, in wasa alƙalamin ƙarfe a dutse in koma. Jiya ya aje mini siniya sabuwa, tiren tagulla, bisa matashin rairayi, ya ce gwajina ke nan. In zana dabba guda wadda na sani, gashi bayan gashi, yadda mai ita in ya gani zai kira sunanta. In ta yi, zai fara ba ni aikin fataken shanu, su ke son a sa musu bijimansu a siniyar jabana, ta shan gahawa. In ba ta yi ba, in koma layi.

Na zaɓi Hamra. Jar saniyar Baba na fi sani duk duniya, ni na ja ta daga cikin uwarta. Amma Usta shina da doka: ba a yanka layin da ido bai gani ba, don ƙarfe ba takarda ba ne, abin da anka yanka ya zauna. Hotunanta sun tafi da wayata da ta mutu. Saboda haka ke ce idona.

Ki je ki tsaya gabanta da safe. Ki rubuto mini iyakar inda farin nan na cikinta ya kai, ninki nawa ke ga fatar wuyanta, ina gashin goshinta ya murɗa, yadda ƙahon da ya guntule ya ƙare. Komi ki faɗi dama ne ko hagu. Kada ki ƙawata ta, ba amarya ba ce.

Musbahu

*

Hillar Mahadi
22 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Huseina, Abu Hujar.

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata ke da maigidanki kuna lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Baba Alhaji, surukina, ya rasu ranar Litinin. Masu bindiga sun zo ranar Lahadi da hantsi, mota biyu da babura. Sun kwashe injin ban ruwa da buhunan iri, sannan suka nufi turke. Baba ya naɗe igiyar Hamra a hannunsa ya ƙi saki. Bai yi musu tsawa ba, magana yake musu da Larabci a hankali, yana cewa tana da ciki, su ɗauki awaki. Ɗaya ya buge shi da gindin bindiga a ƙirji. Ya yi kwana ɗaya yana numfashi da ƙyar, washegari bayan azahar ya cika. Mutum tara suka yi masa salla, sauran sun gudu cikin gonaki.

Inna ta shiga takaba. Ranar sadakar uku ta kira ni ɗaki ta kama hannuna, ta ce ta binne miji, ba za ta binne ɗa ba. Ta sa na rantse ba zan gaya masa ba sai hanya ta buɗe. Kin san halinsa, in ya ji ko takalmi ba zai tsaya nema ba.

Yaya, a ranar ce Osman ya kawo takardarsa. Wai in je in tsaya gaban Hamra in rubuta masa kamanninta, zai zana ta a tagulla. Na je na tsaya gaban turken, ba komai sai guntuwar igiya da kashinta da bai gama bushewa ba. Shekara biyu ina tatsar saniyar nan, wallahi na kasa tuna wane ƙaho ne guntun.

Allah ya taimake ni da wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, wanda ya zana ta a kai bara kafin ya tafi. Da shi nake sa alama a littafi in na tsaya karatu. Komai nata yana jiki, har tsagar kunne. Shi zan duba in kwafa.

In ya biyo ta wajenku ko ya aiko, ba ki san komai ba. Ki yi mini addu'a, ban taɓa yi masa ƙarya ba sai a kan gishirin miya.

Ƙanwarki,
Raliya

*

Hillar Mahadi
22 ga Rajab

Maigidana,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na karanta har na haddace, duk da cewa rabinta zancen saniya ne. Muna lafiya. Inna tana gaishe ka. Baba yana gaishe ka, ya ce ka riƙe aikinka da kyau, kuma kada ka zo.

Na je wurin Hamra da safe kamar yadda ka ce. Rana ta fito ta bayanta, jan jikinta ya yi kamar garwashi, ta ɗago ta dube ni irin kallon wadda ta san ana zancenta a wani gari. To, na daina, ka ce kada in ƙawata.

Farin cikinta yana gefen hagu, ya taso daga hantsa ya tsaya dab da haƙarƙari na uku, bakinsa kamar an yaga zane. Fatar wuya ninki biyar, na tsakiya ya fi zurfi. Gashin goshi ya murɗa sama da idon hagu, ya juya ya nufi hanci. Ƙahon dama ne guntu, ƙarshensa ba a daidai yake ba, ya ɗan karkata waje. Tsaga biyun nan na shaidar gidanku suna kunnen hagu, ta sama ta fi tsawo.

Ka ga matarka ta iya kallo. In ka gama siniyar, kada ka sayar wa kowa. Ina so wata rana in zuba maka jabana a kanta, mu biyu, a inuwar dalbejiyar ƙofar gida, ba ƙarar komai sai ta turmi.

Ka yi aikinka a hankali. Ko wata uku zai ci, ba mai koranka.

Raliya

*

Damazin
2 ga Sha'aban

Raliya,

Ina fata kuna lafiya. Ban san ko kuna lafiya ba.

Na shafa alli a siniya, na fitar da ita da allura bisa maganarki, na fara yanka. Kwana biyu ina wuya da kafaɗa. Da na iso kunne sai hannuna ya ƙi. Na aje alƙalami na sake karanta takardarki.

Ni na riƙe kan Hamra ranar da Baba ya tsaga ta. Kunnen dama ne. Duk dabbar gidanmu dama anka tsaga tun kakana, hagu shaidar gidan maƙwabcinmu Mukhtar ce. Ƙahon hagu ne guntu, ni ta kusa tsokale ma ido da shi. Na ce ko kin ruɗe ne don kina fuskantarta. Amma mai ruɗewa shina kuskure wuri guda ya dace wuri guda. Ke komi naki daidai ne, har haƙarƙari na uku, sai dai duk a juye.

Wuri guda Hamra take a juye duniyar nan. Ɗan ƙarfen da na bari gida hatimi ne na gwada yi ma Baba, don ya riƙa buga ma buhunan alkama. Hatimi a juye ake yanka shi, sai an shafa tawada an danna ya fito daidai. Ban taɓa gaya miki ba don ba a taɓa buga shi ba. Kuma wancan zanen na bara ne. Hamra yanzu cikinta wata bakwai, da kin tsaya gabanta da shi za ki fara.

Ƙarfe kika duba, Raliya. Saniya ba ta gida.

Baba ba shi sayar da ita, an taya ta sau uku ya ƙi. Kuma ba shi tsayawa a kwance ta shina kallo. Wanga shi ne abin da ya hana ni cin abinci tun jiya. Kin ce ya gaishe ni. Baba bai taɓa aiko gaisuwa ba tare da ya tambayi ko ina salla cikin jam'i ba.

Na gaya ma Usta. In akwai motar da ta nufi arewa cikin makon nan, ina ciki.

Musbahu

*

Hillar Mahadi
10 ga Sha'aban

Maigidana,

Ba gaisuwa, Osman yana tsaye a ƙofa injin yana aiki.

Gaskiyarka ce. Baba ya rasu ranar sha takwas ga Rajab, a kan igiyar Hamra. An yi masa sutura, an binne shi kusa da mahaifinsa. Bai sha wahala mai tsawo ba, kuma ya yi kalmar shahada, ina wurin. Ni na rubuta maka gaisuwarsa yana kwana huɗu a kabari. Inna ce ta sa ni rantsuwa, amma hannuna ne ya rubuta, kada ka ɗora mata.

Ka yi fushi da ni yadda kake so. Ka daina rubuto mini, ka sake ni ma in ka ga dama, amma ka yi shi daga Damazin. Zuwanka ba zai tashe shi ba. Makon jiya an sauke 'ya'yan maƙwabciyarmu Sharifa biyu a irtikaz ɗin da ke bayan Makwar, har yau tana zuwa bakin hanya da abinci a kwano.

Da na karanta wa Inna takardarka ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ɗan nan idonsa zai kashe shi." Tun daga nan ko kunu ba ta sha sai an matsa mata.

Don Allah, don Annabi, ka zauna.

Raliya

*

Damazin
21 ga Sha'aban

Zuwa ga 'yata Raliya, iyalin Musbahu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ne Attahiru, mai shagon da mijinki yake koyon aiki. Ina yi muku ta'aziyyar Alhaji, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Ki isar wa mahaifiyarsa.

Takardarki ta iso kwana sha huɗu bayan tafiyarsa. Na buɗe, ki gafarce ni, na ga babu wanda zai buɗe ta in ba ni ba.

Ya tashi ranar biyar ga wata a motar gawayi. Na hana shi, har na zauna a bakin ƙofar shago, ya tsallake ni yana ba ni haƙuri. Da na ga ba zai tsaya ba, na karɓe alƙaluman ƙarfensa, don kada a gan su a jakarsa a ce makami ne. Abin da ban iya karɓewa ba shi ne hannunsa.

Mai aikinmu yana tura alƙalami da tafin hannu, yana danne shi da manuni. Cikin wata biyar kanta takan fito a yatsan, mai tauri, da wata a tsakiyar tafi. A irtikaz kuwa hannu suke dubawa da kafaɗa. In sun ga kanta a manunin dama sai su ce ta kunamar bindiga ce. Na ba shi dutsen goge ƙafa na ce ya goge ta a hanya. Ya ce in ya goge, da me zai ƙarasa siniyar in ya dawo.

Direban gawayin ya dawo shekaranjiya. Ya ce sun wuce irtikaz shida lafiya. A na bakwai, arewa da Makwar, an sa maza sun miƙa hannuwa. An sauke huɗu, mijinki na ciki. Ya ce ya ji shi yana yi musu bayanin sana'arsa, har yana kwatanta yadda ake riƙe alƙalami, ɗayansu yana dariya. Daga nan aka ce wa direba ya ja mota.

Ban san wanda ke riƙe da shi ba, ban san inda yake ba. Na aika wa duk wanda na sani tsakanin nan da Sennar. Ba zan ce miki ki kwantar da hankali ba. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, ban taɓa samun mai ido irin nasa ba, kuma ni na ce masa kada ya yanka abin da bai gani ba.

Attahiru

*

Abu Hujar
16 ga Ramadan

Raliya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna shan ruwa lafiya, ke da Inna. Ina raye. Ina gidan Yaya Huseina yau kwana biyar, suna kula da ni ƙwarai.

An riƙe mu kwana talatin da uku wani wuri, sannan anka sake mu bakin hanya. Ba a yi mini komi ba sai yunwa. Wani mai amalanke ya kawo ni kudu, don arewa ba ta biyuwa. Yaya ta gaya mini yadda Baba ya cika. Na yi mishi salla nan tare da maigidanta. Zancen takardarki kuwa, ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ki bar shi sai mun haɗu.

Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Ƙofar mota ta ɗan datse mini hannu, an ɗaure shi, shi ya sa Yaya ke rubuta mini. Ba wani abu ba ne.

Na yi tunani kwanakin nan. Aikin tagulla ba shi da kasuwa lokacin yaƙi. Mijin Yaya shina da fili bakin kogi, ya ce in riƙa duba mishi masu ban ruwan albasa. Ina ganin shi zan yi. In Osman zai wuce Damazin, ki ba shi saƙo ga Usta: alƙalumana guda shida ya ba duk wanda ya ga ya dace. Siniyar kuma ya goge ta ya yi wani aiki da ita, in ta gogu.

Ki ce ma Inna ɗanta lafiya lau. Kada ki taso, hanya ba ta da kyau.

Musbahu

*

Hillar Mahadi
24 ga Ramadan

Maigidana,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Na karanta wa Inna inda ka ce kana raye, ta ce in maimaita, na maimaita sau huɗu. Ta yi sujada a tsakar gida, yau ta sha kunu kofi guda cikakke. Tana gaishe ka, kuma wannan gaisuwar da bakinta ta faɗa.

Noman albasa sana'a ce mai kyau. Zan ba Osman saƙon Usta. Zancen yafiya na bar shi kamar yadda ka ce. Inna za ta fita takaba ƙarshen Zulƙida, Sharifa ta ce za ta zauna da ita kafin nan. Ni bayan salla zan biyo matan da ke zuwa Sennar sayen gari, mata ba a cika sauke su ba. Kada ka ce kada in zo, an riga an faɗi kalmar nan da yawa a gidan nan.

Allah ya ƙara sauƙi. Matarka, Raliya.

Yaya Huseina, daga nan naki ne, kada ki karanta masa. Ki ce takardar ta ƙare.

Na san ke kike riƙe da takardar nan, don shi ba zai iya buɗe ta ba. Mutumin da yake kwana da alƙalumansa a naɗe cikin fata ƙarƙashin matashi, wanda ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana don na yanke zare da ɗaya, ba zai ce a ba kowa su saboda ƙofar mota ba. Ban tambaye ki ko zai sake zane ba, wannan na karanta da kaina.

Ki rubuto mini kafin salla, ki ba Osman a hannu. Yatsu nawa suka rage, kuma yana iya kai loma bakinsa ko sai an ba shi. Kada ki sassauta. Ina so in gama kukana a nan, in wanke fuskata, kafin in shigo ɗakin da yake.